Matambayi Ba Ya Ɓata: Agogon Aljihun Kakanni

Tun da aka buga hoton wani tsohon agogon aljihu a fitowar da ta gabata, wasiƙu ke ta shigowa. Ashe akwatunan gado da yawa na ɓoye da irinsa. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa. Abin da na koya a kan teburin gyara shi ne, agogo irin wannan shi ke ba da labarin kansa in an buɗe bayansa an karanta, kuma gidansa daban, injinsa daban, sau tari ma ba hannu ɗaya ya ƙera su ba.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Kakana ya rasu ya bar agogon aljihu na azurfa. Da na buɗe bayansa sai na tarar da wani murfin a ciki, an rubuta "Remontoir, Ancre, 15 Rubis, Spiral Breguet", ga hotunan lambobin yabo a jere. A cikin murfin waje kuma akwai 0.800, da ɗan tsuntsu, da jinjirin wata da kambi. Abokina ya duba intanet ya ce Breguet agogon sarakuna ne, duwatsun ciki kuma yaƙutu ne, in sayar in sayi gida. Gaskiya ne?
Wani matashi, Tudun Wadan Zariya

Amsa: Allah ya jiƙan kakanka, ɗana. Maganar gida kuwa, kada ka kira dillali tukuna.

Rubutun nan Faransanci ne, domin a yankin Suwizalan mai jin Faransanci, garuruwa irin su La Chaux-de-Fonds da Le Locle, aka ƙera yawancin irin naka. Murfin ciki murfin ƙura ne, yana tsare inji in an buɗe baya, kuma a kansa maƙera ke rubuta tallarsu. Cikin kalmomin da ka karanto min babu sunan wanda ya ƙera shi ko ɗaya. Duk bayanin kayan ciki ne.

Remontoir na nufin ba ya bukatar mabuɗi, da kansa ake murɗa shi, wato ɗan ƙululun nan da ke cikin zoben rataya. Yau wannan ba abin faɗa ba ne, amma a da sai da ɗan mabuɗi ake cika agogo, ranar da mabuɗin ya ɓace kuwa agogo ya kwanta. Wani Bafaranshe, Adrien Philippe, ya fito da tasa dabarar a 1842, shi ne daga baya ya haɗa hannu da wani mai sana'ar agogo, Patek, aka samu kamfanin Patek Philippe. An daɗe kafin abin ya game ko'ina, shi ya sa ake ta rubuta shi don alfahari.

Ancre sunan wani ɗan ƙarfe ne mai ƙaho biyu. Ƙarfin agogo na cikin babban sifirin da ke naɗe a ɗan gwangwaninsa. In ka murɗa kai ka matse shi, shi kuma yana neman warwarewa, yana tura faya-fayai masu haƙora, wannan na juya wancan. Da za a ƙyale shi, cikin 'yan sakanni zai zubar da ƙarfinsa duka. To mai ƙahon nan ne ke tsaye tsakanin faifan ƙarshe da faifan lilo, wato faifan da ke kai da komo yana auna lokaci: ya saki haƙori ɗaya, ya tare na gaba, lilo ya je ya dawo, ya sake sakin ɗaya. Tarewar ita ce ƙas-ƙas ɗin da kake ji in ka kara a kunne. A yawancin agogunan wancan zamani sau 5 ne a sakan, 18,000 a awa, 432,000 a kwana guda. Thomas Mudge na Ingila ne ya ƙirƙiro shi wajen 1755. Wanda aka rubuta wa Cylindre a gurbin Ancre tsari ne mai arha, bai kai wannan riƙe lokaci ba, gyaransa kuma ciwon kai ne. Naka ya fi.

Yaƙutun kuwa yana nan, guda 15, amma aiki aka sa shi, ba ado ba. Kowane faifai na juyawa a kan sanda mai siririn baki. In bakin nan na juyawa cikin ramin tagulla, shekara da shekaru zai cinye ramin, faifai ya karkace. Sai aka huda ɗan dutse mai tauri aka dasa a wurin, ya riƙe ɗigon mai, bai kuma cinyewa. A Landan aka fara wannan, 1704. Lissafin ma a fili yake: 7 na wajen lilo da mai ƙaho, 8 na bakin sanduna huɗu sama da ƙasa, 15 ke nan, in an ƙara biyu a faifan tsakiya ya zama 17. Faɗin kowanne bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, kuma tun da Auguste Verneuil ya bayyana hanyar dafa yaƙutu a masana'anta a 1902, ya zama kayan awo. In ka ɓamɓare su duka ba za su saya maka buhun siminti ba, ka kuma kashe agogon.

Saura Breguet, inda abokinka ya yi tuntuɓe. Abraham-Louis Breguet gwani ne na gaske, ya buɗe shagonsa a Paris a 1775, sarakunan Turai suka yi ta sayen aikinsa, ya rasu a 1823. Cikin dabarunsa akwai ta 1795: siririn sifirin da ke jikin faifan lilo, wanda muke ce wa gashi, ya ɗaga zagayensa na ƙarshe ya lanƙwaso shi ta sama zuwa tsakiya, don gashin ya riƙa buɗewa da tsukewa daidai ta kowane gefe. Duk duniya aka kwaikwaya. Spiral Breguet na nufin gashin agogonka mai irin wannan lanƙwasa ne, ba wai daga shagonsa ya fito ba. Na ainihi kowanne na da lamba, kamfanin kuma na riƙe da littattafan cinikinsa har yau. Tun yana raye ake buga sunansa a kan aikin wasu.

Hatiman su ne shaidu na ƙwarai. 0.800 na nufin kashi 800 cikin 1,000 azurfa ce. Ɗan tsuntsun, wani zakaran daji ne na duwatsun Turai, hatimin hukumar awon Suwizalan ne na wannan daraja; da 0.875 ce, dabbar beya za ka gani a tsaye. Jinjirin wata da kambi alamar azurfa ce ta Jamus, wadda ta fara aiki a 1888, don haka gidan agogonka bai girmi wannan shekara ba. Duba lambobin yabon nan da madubin ƙara girma: in ka ga Paris 1889 ko 1900, to bayan nan aka yi shi. Ka kuma karkata murfin baya a hasken rana, za ka ga ƙananan lambobi da aka karta da bakin allura, wasu a miƙe wasu a gicciye. Masu gyara ne, kowa ya wanke shi sai ya bar alamarsa. Ni nakan fara karanta su kafin in taɓa inji, don suna gaya min ko an kula da agogon ko an yi watsi da shi.

Agogo ne na mutumin kirki mai rufin asiri, an yi irinsa bila adadin. Ka kai a wanke shi a sa masa mai, ka riƙe abinka.

Tambaya: Malam, maigidana ya rasu bara. Cikin kayansa akwai agogon mahaifinsa, launin zinariya, an rubuta Elgin a fuska. A cikin murfi akwai "J. Boss, Guaranteed 20 Years". Ɗana ya karanto lambar jikin inji, lambobi takwas ne, 21 a farko. Wani maƙerin fari ya ce zai saya da nauyi ya narkar, magada kuma na jiran rabo. Zinariya ce?
Wata Hajiya daga Maraɗi

Amsa: Allah ya gafarta masa, Hajiya, ya ba ku haƙurin rashi. A ce wa maƙerin nan ya dakata da hura wuta.

Zinariya zalla ba a yi mata alkawarin shekaru. Duk inda kika ga an rubuta 10 ko 20 ko 25, to riga ce aka sa wa tagulla, alkawarin kuma shi ne rigar ba za ta cinye ba kafin wa'adin. Ba ruwan gwal ba ne irin na 'yan kunnen yayi, ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Farantin zinariya biyu ake ɗauka a sa tagulla a tsakiya, a manne su da wuta, a murje da inji har su zama falle ɗaya, sannan a ƙera gida da shi. James Boss na Philadelphia ya yi wa dabarar rajista a 1859, kamfanin Keystone ya ci gaba da amfani da sunansa. A 1924 hukumar Amurka ta hana rubuta wa'adin shekaru, saboda wasu na alkawarin da ba za su cika ba. Ki duba zoben rataya da gefen da babban yatsa ke gogawa. In kin ga wani launi mai duhu ya leƙo, tagullar ce.

Na zinariya zalla za ki ga 18K ko 0.750, 14K ko 0.585. In na Suwizalan ne akwai kan mace a kan mai 18, kurege a kan mai 14. Waɗanda suka biyo ta Ingila kuma, da yawa gidansu na kamfanin Dennison ne na Birmingham, shi da taurari yake magana: Star shekara 10, Moon 20, Sun 25. Duk riga ce.

Elgin sunan injin ne kawai. An kafa kamfanin a 1864 a jihar Illinois, kuma a Amurka ta wancan lokaci mutum kan shiga shago ya zaɓi inji, ya zaɓi gida gwargwadon aljihunsa, mai shago ya haɗa masa nan take, domin awo ɗaya kamfanoni ke bi. Sai ki ga inji na ƙwarai a gidan nikel, ko inji mai duwatsu 7 a gidan zinariya. Ɗanki ya yi daidai da ya karanto lambar inji ba ta murfi ba, ita ce ke faɗin shekara. Ta Elgin mai miliyan 21 ta faɗo wajen 1918.

In an narkar, abin da za a tace kaɗan ne, injin kuma ya zama tsirara, babu mai saye sai don cire kaya. A dunƙule ya fi kuɗi. Kada kuma a bar kowa ya karce shi da zarto don gwajin ruwan batir, tabon ba ya gyaruwa. A samu wanda ya san agogo ya yi masa ƙima, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya karɓa a cikin kasonsa. Yadda za a lissafa kason kuwa, wannan fagen malamai ne, ba nawa ba.

Tambaya: Baba, ina saye da sayar da tsofaffin kaya a zango. Na samu agoguna biyu. Ɗaya murfinsa cike yake da ƙananan layuka masu lanƙwasa suna walƙiya, da ɗan fili a tsakiya babu komai. Ɗayan azurfa ne da zanen furanni baƙi wuluk. Ina so in goge baƙin da toka da lemun tsami kafin in kai kasuwa. Me zan ce wa mai saye in ya tambayi sunan adon?
Wani ɗan kasuwa daga Kumasi

Amsa: Ajiye tokar nan, ɗan'uwa. Baƙin da kake son gogewa shi ne kuɗin.

Sunansa niyelo. Azurfa da jan ƙarfe da dalma ake narkawa da farar wuta, su ba da wani baƙin dunƙule, a daka shi ya zama gari. Sai a sassaƙa zane a jikin murfi, a cika ramukan da garin, a gasa ya narke ya kama, a goge har ya yi daidai da fatar azurfar. Shafa da yatsa, ba za ka ji tudu ko kwari ba. Garin Tula na Rasha ya yi suna da wannan aiki, maƙeran Le Locle kuma suka yi ta yin gidajen agogo da shi daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1920. Yana da gautsi, in murfi ya lotsa sai ya ɓare a wurin, mai cike gurbin kuwa sai an tona. Tsumma mai laushi ya ishe shi.

Layukan nan kuma giyoshe ake ce musu, mu mukan ce zanen inji. Injin hannu ne ba na lantarki ba: ana ɗaure murfin a kan sanda mai juyawa, jikin sandar akwai faya-fayai masu baki tudu-da-kwari, su ke sa murfin ya riƙa kaɗawa yayin da yake juyawa, mai aiki kuma na danna bakin aska da hannu ɗaya, yana juyawa da ɗayan. Layi ɗaya bayan ɗaya, in hannu ya yi rawa sau guda an yi asarar murfin. Breguet ya yayata shi a fuskar agogo tun shekarun 1780, maƙerin kayan ado Fabergé na Rasha kuma ya riƙa zuba ruwan gilashi mai launi a kansa, zanen na haskowa ta ƙasa. Kowane salo da sunansa: ƙwayar sha'ir, wadda ta fi yawa a bayan agogunan azurfa, ƙusoshin Paris, ƙananan tudu masu kusurwa huɗu, hasken rana, mai bazuwa daga tsakiya. Ba don kyau kaɗai ba ne, yana ɓoye karce, yana kuma hana santsi a hannu. Filin tsakiya garkuwa ce, an bar ta don mai saye ya sa a zana masa haruffan sunansa. Wadda ba a taɓa ba ta fi farin jini wajen masu tarawa.

Sai dai ba kowane ne yankan aska ba, na arha bugawa ake yi da maɗaba'a. Sa madubi ka duba: yankakke bakinsa kaifi ne, hasken na gudu a kansa in ka juya, bugagge gefensa a dakushe yake.

Tun da sana'arka ce, ga ƙari. Farar fuskar da ba ta dusashewa garin gilashi ne aka gasa a kan jan ƙarfe da zafi wajen digiri 800, sana'a ɗaya da ruwan da ke jikin langa da kwanukan jere. Lahaninta tsaga ce siririya, ka karkata ta a haske kafin ka biya kuɗi. Tsinken nuna lokaci da ka gani shuɗi ba fenti ba ne, ƙarfe ne aka gasa a hankali har wajen digiri 290, ya bi ta ruwan ƙasa da shunayya ya tsaya a shuɗi, kuma yana rage tsatsa. A jikin inji, layukan da ke kwance a jere ratsin Geneva ne, ƙananan da'irori masu hawa kan juna kuma adon lu'ulu'u. Amurkawa sun fi kowa zuba ado a injin nikel, wurin da mai agogon ma ba ya gani sai ya buɗe.

Tambaya: Malam, a gidanmu akwai agogon da aka ce kakan mahaifina ya saya a Makka. Gida uku ne, wani cikin wani, na waje kamar ƙoƙon kunkuru da ƙananan ƙusoshin azurfa. Lambobin fuska sun yi kama da na Larabci amma ba sosai ba, sunan kuma na Bature ne, "Edward Prior, London". Babu abin murɗawa, sai rami a baya. Yaya Bature da lambobin Larabawa?
Wani dattijo daga Mai Wurno, Sudan

Amsa: Ranka ya daɗe, wannan wasiƙa ta fi kowace faranta min rai.

Agogon kasuwar Turkawa ne. Tun ƙarni na 18 wasu shagunan Landan, irin su Markwick Markham da George Prior da Edward Prior, suka mai da hankali kan ƙera wa Daular Usmaniyya ta Turkiyya agoguna, ana kai su Santambul da Izmir, daga nan su bazu. Makka na ƙarƙashin wannan daula har 1916, don haka ba abin mamaki ba ne mahajjaci ya same shi a can. Lambobin su ne dai na shafukan Alƙur'ani, amma an miƙar da su an yi musu tsini don su dace da zagayen fuska. A ƙasar Turkawa ta lokacin, faɗuwar rana ce ƙarfe 12, kullum da magariba sai a sake saita agogo, manyan masallatai ma na da ma'aikaci na musamman mai lissafin lokutan salla, wanda jama'a ke daidaita nasu da shi. Sai a farkon 1926 Turkiyya ta koma lissafin da muke bi yau.

Gida biyu al'adar Ingila ce: na ciki na riƙe inji, yana da ramin mabuɗi; na biyu na rufe ramin don ƙura. Na uku mai ɓawon kunkurun teku ƙari ne don doguwar tafiya, wasu ma in sun isa can maƙeran gida kan yi musu na huɗu. Leƙa cikin gida na biyu, wataƙila ka tarar da 'yar takarda zagayayya ko ƙyalle. Masu gyara ke sawa, ta hana gidajen gogar juna, ta kuma zama talla. Kada a yar. A jikin azurfar nemi zaki mai tafiya, shaidar kashi 925 cikin 1,000, da kan damisa, hatimin Landan, da harafi guda wanda ke nuna shekara. In damisar na da kambi, kafin 1821 ne. In babu, bayan nan. Hatiman na da amfani, domin an yi ta ƙera na kwaikwayo a wasu ƙasashen Turai ana buga musu waɗannan sunaye.

In aka ɗaga injin za ka ga abin da na fi so a duk sana'ar nan. Sifirin na da ƙarfi in an cika shi, yana raunana in ya kusa ƙarewa, tsohon tsarin lilo kuwa ba ya jure wannan bambanci. Sai aka yi wani dunƙule mai tsini sama da faɗi ƙasa, da kwari yana zagaye shi, aka haɗa shi da gwangwanin sifirin da sarƙa, ƙirarta irin ta sarƙar keke amma za ta shige kafar babbar allura. Sa'ad da sifirin ke da ƙarfi yana jan sarƙar daga tsini, inda juyawa ke da wuya. Yana raunana sarƙar na saukowa wajen faɗi, inda ja kaɗan ya isa. Ƙarfin da ke isa ga faya-fayai sai ya zo ɗaya daga safe har dare. A garin Christchurch na kudancin Ingila mata da yara ne suka yi ta harhaɗa waɗannan sarƙoƙi da hannu. A saman lilo kuma akwai murfi na tagulla mai ruwan zinariya, an huda shi an sassaƙa ganyaye, wani lokaci da 'yar fuska a gindi. Da yayin waɗannan agoguna ya wuce, an ɓalle irin wannan murfi da yawa an yi sarƙar wuya da su. Naku da ke cike, a gode wa Allah.

In an samu mabuɗin da ya dace, irin wannan hagu ake murɗa shi, ba dama ba, a hankali, da ya tsaya a tsaya. Amma da ni ne ba zan murɗa ba sai gwani ya duba, don man ciki ya bushe tun tuni, sarƙar kuma in ta tsinke samun wata aiki ne.

Tambaya: Baba, agogon mahaifina Hamilton ne, yana aiki, amma kan ya ƙi jawuwa balle in saita lokaci. Na ƙanensa kuma mai murfi ne, kansa na gefen ƙarfe 3. Wanne ne aka lalata?
Wani ma'aikaci daga Kafanchan

Amsa: Babu ko ɗaya, kuma ka daina jan kan nan kafin ka tsinke shi. Warware zoben da ke riƙe gilashi, za ka ga ɗan harshen ƙarfe a gefen fuska. Jawo shi da farce, ka juya kai, tsinke zai motsa. Ka mai da shi, ka rufe.

Da gangan aka wahalar da abin. A watan Afrilun 1891 jiragen ƙasa biyu suka yi karo a Kipton ta jihar Ohio, mutum 8 suka mutu, aka ce agogon wani direba ne ya tsaya na minti 4. Kamfanin jirgin ya ɗauko wani mai shagon agogo, Webb C. Ball, ya tsara duba agogunan ma'aikata. Ƙa'idojin da suka kafu daga baya su ne: buɗaɗɗiyar fuska, kai a ƙarfe 12, baƙaƙen lambobi manya a kan fari, duwatsu 17 ko fiye, kada ya yi gaba ko baya da fiye da sakan 30 a mako, sannan saiti da wannan harshe, don kada kai ya jawu a aljihu lokaci ya goce ba a sani ba. Wasu na Turai kuma ɗan maɓalli ne kusa da wuya, ka danna da farce kana juya kai.

Na baffanka mai murfi haka ƙirarsa take, kai a 3, don in ka danna murfi ya buɗe a tafin hannu fuska ta zo maka a miƙe. Turawan Ingila na danganta shi da mafarauta a kan doki, Faransawa na ce masa sabonet. Akwai mai taga, wanda aka huda murfinsa aka sa ɗan gilashi don a ga lokaci ba sai an buɗe ba. In za a rufe, a danna kai tukuna sannan a kwantar da murfi a saki. Masu rufewa da ƙarfi don su ji ƙarar su ke cinye leɓen murfin, ranar nan ya ƙi kamawa.

Tambaya: Kakana tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama. Agogonsa na da G.S.T.P. a baya da wata alama kamar kan kibiya. Lambobin sun yi ruwan ƙasa suna zubar da gari a cikin gilashi. In buɗe in hure, in ɗiga masa man keke?
Wata malamar makaranta daga Sakkwato

Amsa: Kada ki buɗe, 'yata, kada kuma ki hure.

Kan kibiyar alamar kayan gwamnatin Ingila ce, haruffan kuma na agogunan da rundunarta ta saya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu daga kamfanonin Suwizalan irin su Omega da Cyma da Doxa. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda mutanenmu da yawa suka yi aiki, su ne suka je Bama, don haka labarin ya hau.

Garin nan fenti ne mai sinadarin radiyom, wanda ake shafa wa lambobi don su yi haske da dare. Hasken ya mutu tuntuni, amma radiyom ɗin na nan da ransa, sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. 'Yan matan da suka yi aikin shafa shi a Amurka a shekarun 1920, suna lasar bakin buroshi don ya yi tsini, da yawansu ciwon ƙashi ne ya kashe su. Haɗarin na cikin shaƙa ko haɗiya. Muddin gilashin na rufe ba tsaga, ki sa shi a leda mai zif, ki ajiye a ɗakin da iska ke shiga, nesa da yara da wurin kwana, ki wanke hannu in kin taɓa. In za a kai gyara a gaya wa mai gyaran tun daga bakin ƙofa.

Man keke kuwa, ko a agogon da ba shi da wannan matsala, a'a. Yana malala ya kama gashin da ke jikin faifan lilo, zagayen su manne da juna, agogo ya riƙa gudu kamar an kore shi, ƙurar hunturu kuma ta zo ta kwaɓe da shi ta cinye bakin sanduna. Man agogo daban ne, da bakin allura ake ɗiga shi, bayan an warware inji an wanke.

Mai aiko da tambaya ya haɗo da hoton fuska, da na cikin murfin baya, da na inji, a hasken rana ba da fitilar waya ba.